Babi na Bakwai: Zauren Unguwa a Kuseri, Kuɗin Kamfani da Filin Jama'a

Kuseri na zaune ne a kusurwar da kogin Logon ke zubawa cikin Shari, can ƙuryar arewacin Kamaru. Wanda ya tsaya bakin ruwa bayan magariba yana hango fitilun Njamena, babban birnin Chadi, a ɗaya gaɓar, kuma gadar Ngeli da aka gina a 1985 ta sa garuruwan biyu sun zama kamar unguwanni biyu na gari ɗaya. Ƙidayar 2005 ta ba Kuseri mutum kusan dubu 90. Adadin masu kwana ke nan a wancan lokacin. Masu wuni sun fi haka nesa ba kusa ba, don da safe gadar kan cika da 'yan Chadi masu zuwa sayayya, da 'yan makaranta, da manyan motocin da suka taso tun daga Ngaundere, suka bi ta Garwa da Marwa da Mora da kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala.

Kotoko ne masu garin na asali, kuma sarautar tana hannunsu. Sai Larabawan Shuwa masu shanu da kasuwanci, da Musgum masunta da manoman shinkafa, da Barebari, da Fulani, da Masa, da Hausawa waɗanda har unguwa gare su mai sunansu, Hile Hausa, da ma'aikatan gwamnati 'yan kudu da aiki ya kawo. A kasuwa Larabcin Shuwa ake yi, saɓanin Garwa da Marwa inda Fillanci ya mamaye. A ofis kuwa Faransanci ne, kuma da shi ake rubuta duk takardar da ke da hatimi.

To a irin wannan gari ne wani kamfani, na waya ko banki ko na sufuri, zai tashi ya ce yana son ya gina wa wata unguwa cibiyar jama'a: babban zaure na taro, ɗakin karatu, ɗakin koyon sana'a, ƙila da filin wasa. A ido wannan ya fi gina aji ko asibiti ko masallaci sauƙi. Ni kuwa a ganina ya fi su wuya, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aji yana da malami, asibiti yana da likita, masallaci yana da liman da ladan, kowanne akwai wanda zai ji kunya in ya lalace. Zauren jama'a ba a haife shi da mai shi ba. Sai an nema masa, kuma in ba a nema masa tun kafin a haƙa tushe ba, bayan bikin buɗewa babu mai neman.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da tarihin garin ke faɗa wa mai zanen ginin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. A nan aka kashe Rabe ranar 22 ga Afrilun 1900, a yaƙin da shi ma kwamandan Faransa, Lamy, ya rasa ransa, wanda birnin tsallake ya ɗauki sunansa har 1973. Tun daga nan Kuseri ta saba da saukar rigimar da ba ita ta haifa ba. Da yaƙin basasa ya cinye Njamena a 1980, nan mutane suka tsallako. A Fabrairun 2008, da 'yan tawaye suka shiga birnin, dubun-dubatar mutane suka ƙetaro cikin 'yan kwanaki, suka kwana a makarantu da masallatai da coci-coci da gindin itatuwa, kafin a kwashe wasu zuwa sansanin Maltam. A Oktoban 2022 kuma ruwa ne ya kori mutane daga gidajensu, da Logon ya cika ya shiga unguwanni. Duk ginin jama'a da ke da rufi da ƙofa a Kuseri, wata rana zai zama masauki. Mai zanen da ya san haka zai ninka banɗaki, ya ɗaga daɓe, ya ware ɗakin ajiya mai makulli, ya sa famfo a wajen katanga da cikinta. Wanda bai sani ba zai kawo zanen da aka yi amfani da shi a Duwala, ya canza sunan gari a ƙasan takarda.

Sai tambayar da ba a cika yi da ƙarfi ba a gaban baƙi, amma kowa na yin ta a zuci: na su wane ne?

A Janairun 1992 Kotoko da Larabawan Shuwa sun gwabza a Kuseri, a daidai lokacin da siyasar jam'iyyu da yawa ke dawowa, aka yi asarar rayuka. A Disamban 2021 kuma faɗa ya tashi tsakanin makiyaya Larabawa da masunta da manoma Musgum. Ya fara ne ranar 5 ga wata a ƙauyen Ulumsa, a kan ruwa: masunta na haƙa manyan ramuka su tare ruwan da ya rage don kifi, shanu kuma na faɗawa su maƙale a laka. Kwana uku bayan nan wutar ta iso Kuseri, aka lalata kasuwar shanu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 44 da suka mutu, ƙauyuka 112 da aka ƙona, da mutum sama da dubu 85 da suka tsallaka Chadi. Waɗanda suka ga wannan su ne za a gayyata su zauna a kan tabarma ɗaya a sabon zauren. Saboda haka wurin da aka sa ginin magana ne. Sunan da aka rubuta a ƙofa magana ne. Wanda aka ba gadi, da harshen da aka buɗe taron farko da shi, duk magana ne, kuma ana jin su sarai.

Abin da kamfani ya saba yi shi ne ya je wurin hukuma, hukuma ta kai shi fada, fada ta kira bulama, bulama ya nuna fili. Babu laifi a bin wannan hanya, hasali ma wanda ya tsallake ta ba zai aza bulo ko ɗaya ba. Dokar 1977 ta jera sarakunan gargajiya na Kamaru hawa uku ta sa su cikin tsarin mulki, kuma a arewa lamido da lawan da jauro da bulama su ne ƙofar kowace unguwa. Matsalar ita ce a tsaya a ƙofar. Bulama zai ce, «Ranka ya daɗe, jama'ata duk sun yarda,» kuma ba ƙarya ya yi ba, don waɗanda yake kira jama'arsa sun yarda ɗin. Amma matan da ke soya kifi a bakin hanya ba su ji labari ba. Samarin da ke tuƙa babur ba a kira su ba. Mutanen layin baya, waɗanda suka zo shekara goma da ta wuce kuma ba yaren bulama suke yi ba, sun ji ne daga bakin yara. In filin ya faɗo jikin katangar gidan wani babba, an gama: ginin ya zama ƙarin zaurensa, sauran jama'a baƙi ne a ciki. Ya fi kyau a nemi wurin da ƙafar kowa ta riga ta saba takawa, kusa da kasuwa ko makarantar firamare ko famfon da unguwanni biyu ke ɗiba, ko da filin ya fi ƙanƙanta.

Arewacin Kamaru ya ga hanyoyi biyu da kuɗin kamfani ke shiga aikin jama'a, kuma ya dace a dube su da kyau, don bambancinsu shi ne zuciyar wannan babi.

Ta farko ita ce ta Sodecoton, kamfanin auduga da aka kafa a 1974 ya gaji na Faransawa, mai hedkwata a Garwa, wanda gwamnati ke da kaso mafi tsoka a ciki. Mutanen birni sun fi saninsa da man girki na Diamaor da ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 kafin Al Ahly ta Masar ta doke ta. Mutanen karkara kuwa, manoma sama da dubu 200 daga wajen Tuboro har Kaele da Mora, da sikeli suka san shi. Da can ma'aikatan kamfani ne ke zuwa ƙauye su auna auduga su biya. Daga shekarun 1980 aka fara miƙa wannan aiki ga ƙungiyoyin manoma na ƙauyuka. Su ke kafa kasuwar awo, su rubuta nauyin kowa, su loda mota, su raba taki da maganin feshi bashi, su kuma karɓo bashin in an sayar. A kan wannan aikin kamfani ke biyan ƙungiya la'ada gwargwadon yawan audugar da ta tara, kuma kuɗin na shiga asusun ƙungiya ne, ba aljihun mutum ɗaya ba. Dokar 1992 ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi rajista, daga baya suka haɗu a ƙarƙashin babbar ƙungiyar manoman auduga ta ƙasa.

Da wannan asusu ƙauyuka da yawa suka gina ɗakin ajiyar taki, suka haƙa rijiya, suka aza aji ɗaya ko biyu, suka riƙa biyan malaman da iyaye ke ɗauka inda gwamnati ba ta turo ba. Gine-ginen ba su da kyan gani. Bulo ne da kwano, wani ko shafe ba a yi masa ba. Amma in iska ta yaye kwanon, an san daga inda kuɗin gyara zai fito, don baɗi ma za a auna auduga. An kuma san wanda za a tuhuma, don ma'aji ɗan ƙauyen ne, ana haɗuwa da shi a masallaci ko a coci. Ba na cewa tsarin ba shi da aibi. Bashin taki na haɗin gwiwa ne, wanda ya yi ƙoƙari yakan biya wa wanda ya gaza, kuma wannan ya raba zumunci ba sau ɗaya ba. An samu shugabannin da suka ci asusu. Mata, waɗanda su ke tsintar audugar da yawa, ba su cika samun kujera a wurin yanke shawara ba. Duk da haka kuɗin na zuwa kowace shekara, kuma mutane na kallonsa a matsayin guminsu. Wanda ke kashe guminsa yakan yi gardama kafin ya kashe, gardamar nan kuwa ita ce zanen.

Hanya ta biyu ita ce ta bututun mai. Tsakanin 2000 da 2003 kamfanonin da ExxonMobil ke jagoranta suka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga rijiyoyin Doba a kudancin Chadi zuwa Kribi a bakin teku, da goyon bayan Bankin Duniya. Ya ratsa ƙasar Tuboro, inda aka kafa tashar turo mai a Domta. An biya masu gonaki diyyar amfanin gona da itatuwa, sannan aka ware wa ƙauyuka diyyar jama'a, wadda ba kuɗi ake ba su ba, aiki ake yi musu. Ƙauye zai zaɓa cikin abubuwan da aka tanada, rijiya ko aji ko kayan aiki, ɗan kwangila ya zo ya yi, a sa hannu a takarda, a wuce ƙauye na gaba. A rubuce wannan ma shawara ce da jama'a, an yi taruka ba adadi. Sai dai zaɓi cikin jerin da wani ya rubuta daban yake da a tambaye ka abin da ke damunka. Kuma kuɗin sau ɗaya ya zo. Ƙungiyoyin farar hula na Kamaru sun shafe shekaru suna tattara koke-koken ƙauyukan da ke kan layin, ciki har da na rijiyoyin da suka daina ba da ruwa da kayan da ba su yi ƙarko ba. Kamfanin da ya fi Sodecoton kuɗi ninkin ba ninki ya bar abin da ya fi na Sodecoton saurin mutuwa a wurare da dama, don bai bar hanyar gyara ba.

Auduga ba ta kai Kuseri ba, ƙasar ba tata ba ce. Abin da Kuseri ke da shi shi ne iyaka da ciniki. Don haka tambayar da kwamitin unguwa ya kamata ya yi wa kamfani ita ce: me za ka riƙa saya a wurinmu kowane wata? Kamfanin waya na biyan hayar filin da ya kafa eriyarsa. In eriyar ta tsaya a kusurwar filin cibiyar, hayar ta shiga asusun kwamiti, an samu albashin mai gadi da kuɗin sabulu da tsintsiya. Banki ko mai hada-hadar kuɗi ta waya na buƙatar shago. A gina shaguna uku ko huɗu a jikin katanga ta waje, masu kallon titi, kamfani ya kama ɗaya da yarjejeniyar shekaru, sauran a ba 'yan unguwa haya. Kamfanin da ke horar da wakilansa a otal ya riƙa yi a zauren, ya biya kamar yadda zai biya otal. Manajan da ya zo da niyyar kyauta zai ɗan ji wani iri, don kyauta ta fi daɗin faɗi a rediyo. Amma ginin da ke da haya ya fi wanda ke da allon godiya tsawon rai. Gwamnati ma ta ɗanɗana ɗacin rashin irin wannan kuɗin shiga da cibiyoyin intanet na karkara da ta fara buɗewa a farkon shekarun 2000: an kawo kwamfutoci, an yi biki, da yawansu suka tsaya saboda wuta da layi da albashin mai kula. Gidauniyar kamfanin waya na Orange ta bi wata hanya da ɗakunan kwamfuta na mata, inda ta riƙa sa su cikin cibiyoyin mata da ma'aikatar kula da mata da iyali ke da su tun da, masu shugaba da ma'aikata. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ya kamata duk kamfanin da ya zo Kuseri ya fara zagaya gidajen matasa da na mata da ke akwai, ya ga ko gyara ake buƙata ba sabon gini ba.

In an tabbatar sabon ginin ne, sai a koma ga ƙasa, ƙasar da ake takawa. Kwarin Logon baƙar laka ce, irin wadda ake dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya janye. Da damina takan kumbura, da rani ta tsage har hannu ya shiga. Tushen da bai yi zurfi ba, ko wanda ba a ɗaure shi da rodi ba, shekara biyu zuwa uku bango ya fara buɗe baki. Dutse kuwa babu shi a kusa, tsakuwa daga nesa take zuwa. Siminti na fitowa daga Figil, tsakanin Garwa da Marwa, ya bi hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, hanyar da direbobi suka daɗe suna kuka da ita. An fara gyaranta, sai aikin ya tsaya bayan 'yan Boko Haram sun kai hari sansanin ma'aikata a Waza a Mayun 2014 suka sace 'yan ƙasar Sin goma. Duk buhun da ya iso Kuseri yana ɗauke da kuɗin wannan tafiya a kansa. Mai zanen da ya zauna a Yawunde ya lissafa da farashin can, rabin gini kuɗinsa zai ƙare.

Akwai wani tarko game da ruwa. Damina kan ɗauke a Satumba, amma ambaliyar Kuseri a Oktoba da Nuwamba take zuwa, lokacin da ruwan da ya sauka a tsaunukan Adamawa da kudancin Chadi ya gama gangarowa. Baƙon da ya zo a Maris zai ga fili busasshe ƙayau ya ce ga wuri. Tsohuwar da ke makwabtaka da filin kuwa za ta kai shi jikin bangonta ta nuna masa layin da ruwan 2022 ya bari. Daga wannan layin ake auna tsayin daɓe, a ƙara taki ɗaya a kai. Yankin ya riga ya biya kuɗin rashin tambaya. A 1979 aka yi madatsar Maga don shinkafar kamfanin SEMRY, aikin da aka zana da kyakkyawar niyya, amma ya tare ruwan da ke malala cikin fadamun Waza da Logon kowace shekara. Ciyawa ta ragu, kifi ya ragu, makiyaya da masunta suka matsu a ɗan abin da ya saura, har sai da aka fasa wani sashe na datsin bakin kogin a 1994 don a mayar da ruwan.

Zafi kuma ba sai an faɗa ba. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan wuce 40, kuma zauren bulo mai kwano a kai, mai tagogin gilashi, tanda ne daga hantsi zuwa la'asar. A ce za a sa na'urar sanyaya ɗaki, to da wace wutar? Magina na wannan kwari sun san maganin tun kafin siminti. Kotoko sun gina garuruwa masu ganuwa da benaye na ƙasa a Gulfe da Logon-Birni. Musgum sun yi ɗakunansu masu tsini da laka zalla, ba itace ko ɗaya, da tudun-tudun a jiki waɗanda magini ke takawa ya hau kuma su ke karya ƙarfin ruwan sama, da kafa a ƙololuwa inda zafi ke fita. Marubucin Faransa André Gide ya gan su a 1926 ya yaba ƙwarai, kuma har yau baƙi na zuwa wajen Pus don su gani. Darasin da ke ciki shi ne bango mai kauri, rufi mai tsayi, da hanyar da iska mai zafi za ta bi ta fice. Amma a yi hattara. Mai zanen da ya ƙyasa siffar ɗakin Musgum ya kwafo ta sukutum ya dasa a tsakiyar Kuseri, bayan abin da ya faru a 2021, ya riga ya amsa tambayar «na su wane ne» ba tare da ya sani ba. Dabarar za a ɗauka, a bar tambarin.

An yi irin wannan a ƙasar Hausa. A Dandaji, cikin jihar Tawa ta Nijar, mutanen gari sun so su rushe tsohon masallacinsu na ƙasa su yi sabo na siminti. Mariam Kamara, wadda asalin gidansu can ne, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kawo wata shawara: a gyara tsohon a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. An kira maginan gargajiya suka yi gyaran, aka gama a 2018. Abin dariya, gidauniyar kamfanin siminti na LafargeHolcim ce ta ba aikin lambar yabo, kamfanin da a lokacin masana'antar Figil ke cikin rukuninsa. Abin da ya fi jan hankalina a Dandaji shi ne an jingina ɗakin karatu da wurin da mutane ke zuwa sau biyar a rana, ba a kai shi bayan gari ba. A Gando ta Burkina Faso kuma Francis Kéré ya ɗaga kwano sama da silin na ƙasa ya bar iska na ratsa tsakani, a makarantar da ya gama a 2001 da hannun mutanen ƙauyensu. A Kuseri sai an ƙara abu ɗaya da waɗancan ba su damu da shi sosai ba: bangon ƙasa ba ya jure tsayawar ruwa. Daga tushe zuwa ƙugu a yi da siminti ko jan bulo, daga nan zuwa sama a yi da ƙasa, a sako baranda mai faɗi ta kare shi daga feshi.

Cikin ginin fa? Nan ma ba daga ofis ake sani ba. A zauna da mata su kaɗai, da mace mai fassara, da hantsi bayan an sallami yara, za a ji abin da ba a ji a taron bulama ba. Wata za ta ce, «Yaya, in ƙofa ɗaya ce kuma maza na zaune a bakinta, maigidana ba zai bar ni in shiga ba.» Ke nan ana buƙatar ƙofa ta biyu, da tsakar gida mai inuwa, da banɗakin da bakinsa bai kalli dakalin maza ba. Masu adashi na son wurin da za su ƙirga kuɗi ba a gaban kowa ba. 'Yan makaranta masu shirin jarrabawa fitila suke so da dare, wadda faifan sola biyu ko uku za su iya riƙewa, da tebur da shiru. Samari na son kallon ƙwallo da cajin waya, kuma a shirye suke su biya, wannan ma kuɗin shiga ne. Akwai kuma buƙatar da ba ta da kyan hoto amma ta fi ɗakin kwamfuta amfani: a jihar Arewa Mai Nisa, inda Kuseri take, yara da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma ba tare da ita ba yaro ba ya zana jarrabawar gama firamare. Tebur ɗaya da kujera biyu, da wanda ya iya Faransanci da Larabci yana zama rana biyu a mako yana cika wa iyaye takardu, zai kawo mutanen kowace ƙabila cikin ginin ba tare da an yi musu wa'azin zaman lafiya ba. Babban zauren kuwa kada a kafe masa kujeru. Yau taron suna ne, gobe sulhu, jibi allurar rigakafi, kuma mutanen nan a tabarma suka fi sakewa.

Saura takarda. Dokokin filaye na 1974 sun sa duk ƙasar da ba ta da rajista a hannun hukuma, don haka «bulama ya ba mu» ba ya tsayawa a kotu ranar da magada suka taso, ko ranar da filin ya yi tsada. A yi wa filin takarda da sunan ma'aikatar magajin gari, a rubuta cewa na amfanin jama'a ne. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta san da kwamitocin unguwa, kuma tun 2004 shirin gwamnati na PNDP ya taimaki ƙananan hukumomi suka rubuta tsarin ayyukansu bayan zagaya unguwanni, saboda haka akwai abin dubawa kafin a fara sabon tambaye-tambaye. Yarjejeniyar ta zama mai ƙafa uku kamar murhu: kamfani, magajin gari, kwamiti. A rubuta wanda zai biya wuta, wanda zai sauya batirin sola in ya mutu, iyakar wurin da kamfani zai shafa launinsa, da hukuncin jam'iyyar da ta nemi zauren lokacin zaɓe, ko a ba kowa ko a hana kowa. Kujerun kwamiti a raba su yadda babu ƙabilar da za ta haɗa shugaba da ma'aji da mai makulli. Lissafin kuɗi a karanta shi a bainar jama'a, da Larabci da Hausa da duk harshen da aka nema, don wanda aka manna a bango da Faransanci mutum kaɗan ne ke karanta shi.

Akwai sashe ɗaya da kwamitoci kan manta, kuma kamfani ba zai tuna musu ba. Unguwa ma tana zuba jari. Ita ta ba da fili, samarinta suka yi gayyar ɗibar yashi, matanta suka ɗebo ruwan kwaɓi, maginanta suka rage kuɗin aiki. A ƙiyasta duk wannan da sefa, a rubuta shi a shafi ɗaya da kuɗin kamfani, layi ƙarƙashin layi, kafin kowa ya sa hannu. Ranar da sabon manaja ya zo daga Duwala ya ce zai mai da ɗakin karatu wurin ajiyar kayan kamfani, wannan shafin ne sakataren kwamiti zai buɗe masa.